Tururuwa a Cikin Ludayi

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Mushen faransanci, malaminmu, ya ce duk mai son hannunsa ya faɗa kafin jarrabawar birbe, ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace rana. Shi da faransanci yake nufi. Ni da Hausa zan yi, don ba wanda zai duba.

Abin da na gani yau: Gwaggo Hamsatu ta gwada nonon Mama. Na daɗe ina kallon takarda kafin in iya rubuta wannan kalmar.

Mu'azu ƙanena bai daɗe da yin arba'in ba. Kwanan nan kuka yake yi kamar ana yanka shi. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo daga Tasawa don jegon, ta ce ba zafin gari ba ne. Ta sa Mama ta tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa a gindin katanga ta jefa ciki. Ina wanke-wanke, na yi kamar ban gani ba. Tururuwar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan ta tsaya.

Gwaggo ta ce, "Kin gani ko, Salamatu? Ya ɓaci. Wancan karon ba a gwada ba."

Mama ta ja rigarta ta rufe.

Talata, da safe

An sayo madarar gwangwani da bibiro, kwalbar shayar da jariri. Baba yana hanyar Damagaram da motar fasinja, sai a wayar salula aka faɗa masa. Ya ce abin da Yaya ta gani shi ne daidai.

Laraba, tsakar rana

Zafi. Babu kuran tun safe, sun ɗauke wutar. Alli ma jiƙewa yake a hannun mushe.

Na faɗa wa ƙawata Balkisa a lokacin hutu, ban san yadda aka yi bakina ya buɗe ba. Ta yi dariyar tururuwar har ta ƙware da ruwa, da ta ga fuskata sai ta daina. Ta ciro salularta ta nuna mini wani shafi na intanet da yayarta take karantawa tun da ta haihu. Shafin iyaye ne. Akwai wurin masu ciki, wurin jarirai, wurin yaran da ba su cin abinci, har da wurin faɗan miji da mata. Duka da faransanci.

Ta ce, "To ki je ki karanta wa mamanki mana."

Na ce ba zai yiwu ba.

"Don me?"

Na ce ni ƴar fari ce.

"To sai me? Ƴar fari ba ta da baki?"

Balkisa auta ce, a Yamai aka haife ta, har yanzu a cinyar mamanta take kwanciya ana yi mata kitso. Ba za ta gane ba. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Mama ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke" take cewa, ko "ta Gwaggo", don Gwaggo ce ta ɗauke ni tun yaye, sai da zan shiga kolej aka maido ni nan unguwar Lazaret a Yamai. In na shiga ɗaki Mama takan sami abin yi a waje. Ba ƙi ba ne. Kullum nama mafi kyau a kwanona yake. Amma ban taɓa kallon idonta muna magana ba. Ta yaya zan zauna gabanta in yi mata zancen nononta?

Balkisa ta ce, "Ku ƴan Tasawa kuna da aiki wallahi."

Alhamis, bayan magariba

Na ari salular Mama, na ce dubwar zan yi, aikin da mushe ya ba mu mu yi a gida. Na faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta faɗa wa Mama, Mama ta ajiye ta a kan tabarma.

Shafin ya ce nonon uwa ba ya ɓaci. Ya ce jariri ƙasa da wata shida nono kaɗai yake bukata, ko ruwa ba a ba shi, ko da ana zafi. Ya ce bibiro in ba a tafasa shi ba yana kawo gudawa. Na karanta, na sake karantawa, na duba kalmomi biyu a dikisiyone.

Amma hoton da ke sama wata baturiya ce a kan farar kujera, da fure a bayanta. A ƙasa an rubuta, in kina shakka ki kira likitan yaronki. Mu ba mu da likitan yaronmu. Wataƙila nonon can daban ne. Wataƙila zafin can bai kai namu ba. Gwaggo ta haifi tara, ta rayar da bakwai, ta rayar da ni. Wanda ya rubuta shafin ko sunansa bai sa ba.

Juma'a

Mu'azu bai yi kuka sosai ba yau. Gwaggo ta ce kin gani.

Asabar, hantsi

Na yi wani abu, kunyar kaina nake ji.

Mushen kimiyya yana cewa gwaji ba ya cika sai an gwada wani abu daban an kwatanta. Na ɗauki murafen kwalba na shiga bayan madafa. Ɗaya na zuba ruwan randa, ɗaya shayin Gwaggo da ya rage, ɗaya madarar gwangwanin da aka dama wa Mu'azu. Kowane na jefa tururuwa. Ta cikin ruwa ta fita. Ta cikin shayi ta mutu. Ta cikin madarar gwangwani ita ta riga mutuwa.

Ina tsugune sai ga inuwar Gwaggo.

"Ramlatu, ke kuma me tururuwa ta yi miki?"

Na ce na lakwal ne, aikin makaranta.

"Lakwal ɗin nan dai! Jiya kwaɗo, yau tururuwa. Tashi ki kwaso mini shanya, uwar ɗakina."

Ta shafa kaina. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zubar da murafen, ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, bayan azahar

Mama tana zama ta zuba wa bango ido. Rigarta tana jiƙewa ta gaba, sai ta yafa zane. Gwaggo tana dafa mata wasu saiwoyi, ta ce su za su wanke nonon, amma sai an yi haƙuri.

Akwai gurup ɗin mata a salular Mama, na masu jego da masu goyo, saƙon murya suke turawa tun da yawancinsu ba su karatu. Ita ma Mama ba ta karatu, saurare take. Yau na ji wata tana cewa a ɗiga wa yaro ruwan dabino, wata ta ce a'a zuma, wata tana tallar garin da ke sa jariri ƙiba. Wata kuma ta ce ita ma tururuwarta ta mutu. Mama ta maimaita wannan saƙon har Gwaggo ta ce ta kashe, kanta na ciwo.

Litinin, 12 ga Mayu, da asuba

Ya fara gudawa.

Litinin, bayan la'asar

Ban ji komai ba a aji. An tambaye ni babban birnin wata ƙasa na miƙe na tsaya kamar icce.

Na sami dabara, ban sani ba ko dabara ce ko rashin kunya. Na shimfiɗa tabarma dab da ƙofar ɗakin Mama, labule a sake. Na ce wa Gwaggo an ba mu aikin juya faransanci zuwa Hausa, kuma sai an yi da ƙarfi ake riƙewa. Na buɗe shafin. Na karanta layi da faransanci, na faɗe shi da Hausa, ina kallon kayena, littafin rubutuna, kamar shi nake wa magana.

Inda aka rubuta nono na ce "abincin jariri na wajen uwa".

Gwaggo tana tsintar shinkafa, ta ce, "Yanzu har wannan ake koya muku? Ba ku yi aure ba?"

Na ce zai fito a birbe. Allah ya yafe mini.

Rediyo tana yi a ɗakin Mama lokacin da na fara. Da na kai tsakiya na lura an kashe ta.

Talata, bayan magariba

Na dawo daga lakwal na tarar da salular a kan tabarmata, cike da caji. Babu kuran yau ma. Wurin mai caji na bakin kasuwa aka kai ta. Ban tambaya ba.

Na karanta wurin da ke maganar gudawa.

Laraba

Gudawa. Gwaggo ta ce ɓataccen nonon da ya sha ne yake fita.

Alhamis, tsakar rana

Ban iya zama wuri ɗaya. In ina lakwal ina son gida, in ina gida ina son lakwal. Na buɗe shafi ya kai ni wani shafi, wannan ya kai ni wani. Wani ya ce ba komai, wani ya jera cututtuka masu dogon suna. Na ga hotunan da bai kamata in gani ba. Balkisa ta ƙwace salularta ta ce, "Ke za ki haukace. Ci fankasonki."

Kafin ta ƙwace na rubuta wani abu a wurin nema. Ba na Mu'azu ba. Abin da na tuna na shekara biyu da suka wuce, lokacin zafi irin wannan. Amsa ta fito. Na karanta layin farko na rufe.

Ba zan rubuta shi a nan ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ina karatuna a bakin ƙofa, Gwaggo ta shiga maƙwabta barka. Sai na ji muryar Mama a bayan labule, a hankali, irin muryar da take yi wa jariri.

"Mu'azu, tambayi yayarka. Masu rubutun nan, sun ce in ya fara ƙafewa yana dawowa?"

Na nema. Rezo ba ƙarfi, shafin ya yi ta juyi. Da ya buɗe na ce, "Mu'azu, sun ce yana dawowa. In ana sa yaro yana tsotsa a kai a kai, ko da ba ya samun komai da farko."

Sai ta ce, "Mu'azu, ka ce mata an ji."

Na shiga bayan madafa na yi kuka, ban san dalili ba.

Asabar, da safe

Ba ta sa shi ba. Na lura. Takan ɗauke shi ta kai shi ƙirji, sai ta kalli ƙofa ta miƙa hannu ga bibiro. Tsoro take ji. In ta ba shi wani abu ya faru, za a ce ita ce. An riga an faɗa sau ɗaya.

Baba ya kira. Ya ce da ni, "Kina taimaka wa Gwaggonki ko?" Na ce e. Maganar tana bakina. Ya ce fasinja na jira.

Lahadi

Bai yi kuka ba duk yinin yau. Gwaggo ta ce ya samu sauƙi. Ni shirun nan ba ya yi mini daɗi. Ni ke wanke tsummokinsa, na fitsari sun ragu ƙwarai.

Talata, 20 ga Mayu, bayan azahar, a likita

A kan benci nake rubutu. Jiya ban iya ba.

Jiya da safe na sa kayan lakwal, na leƙa in ce na tafi. Gwaggo na zaune da Mu'azu a cinya, tana shafa masa wani baƙin ƙulli a tsakar kai. Ta ce maɗigarsa ce ta faɗa, wannan zai ɗago ta. Na matsa. Wurin nan mai taushi ya lotsa kamar an danna da babban yatsa. Idonsa ya zurma. Ya buɗe baki zai yi kuka, babu hawaye, babu murya sosai.

Na san wannan. Ranar Talatar da ta wuce na karanta shi, amma na tsallake shi ban juya da Hausa ba, don kalmar maɗiga ban san ta da faransanci ba sai daga baya. An sa shi cikin jan akwati. Maɗiga ta lotsa, babu hawaye, fitsari ya ragu: ruwan jikin yaro ya ƙare, a kai shi likita nan take.

Na tsaya da jakata a kafaɗa. Na yi tunanin tabarma, na yi tunanin in ce Mu'azu ka faɗa wa Mama. Babu lokacin wannan.

Mama na bakin gado. Na je gabanta na durƙusa na kalli fuskarta. Tana da ɗan tabo a ƙasan idon hagu, ban taɓa sani ba.

Na ce, "Mama, ba maɗiga ba ce. Ruwan jikinsa ne ya ƙare. Mu kai shi likita yanzu. Kuma nononki lafiyarsa lau."

Gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu! Ramlatu? Uwarki kike wa wannan magana, ido cikin ido? Ni na goye ki a bayan nan, taki maɗigar da ta faɗa da me na ɗago ta? Da salula?"

Ban iya juyawa na kalle ta ba. Na ce, "Gwaggo ki yafe mini. Tururuwa ko a shayinki mutuwa take."

Ban san me ya sa wannan ya fito ba.

Mama ba ta kalle ni ba, Mu'azu take kallo. Ta ce, "Haka ta Huzaifa ta faɗa. Muka shafa, muka jira."

Shekara biyu, tun da ƙanena ya rasu, ba a faɗi wannan sunan a gidanmu ba.

Ta miƙe ta ɗauke shi daga cinyar Gwaggo, ba da fizga ba, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Ta saɓa shi ta ja hijabi. Muna fita titi sai ga Gwaggo a bayanmu, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na Baba. Ita ta shiga gaban taksi ta tsayar da shi da hannu biyu. Mai taksin ya ce ba can ya nufa ba. Ta ce, "Yanzu ka nufa, ɗan nan."

Talata, bayan la'asar

Sun sha wuya kafin su sami jijiya. A kai suka sa masa ƙarin ruwan. Gwaggo da kanta ta jiƙa bakin zanenta ta goge baƙin ƙullin, ba wanda ya sa ta.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu, wata Bazabarma mai faɗa, ta ce da mun kai yamma da labari ya bambanta. Da ta ji zancen tururuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma da ta haifi na farko uwar mijinta ta yi mata. Ta ce wa Mama, "Madam, sa shi. Yanzu, a gabana. In ya saki ki sake sa shi."

Na fita waje don kada Mama ta ji nauyi.

Laraba

Ba su ce ya tsallake ba. Sun ce a jira.

Alhamis, da asuba

A jira.

Gwaggo ba ta yi mini magana. Takan ajiye mini abinci ta juya.

Juma'a, tsakar rana

Baba ya iso, ko gida bai biya ba. Ya tsaya a kan gadon ya daɗe. Ya fito ya zauna kusa da ni a benci ya ce, "An ce kin yi rashin kunya." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To." Ya miƙo mini ƙanƙarar bisap, wato zoɓo, da ya sayo a ƙofa, ta riga ta narke.

Na ci gaba da buɗe shafin, amma yanzu wuri ɗaya nake karantawa, wurin dawo da nono. Sauran na bar su. Abin da na karanta nakan tambayi ma'aikaciyar in ta huce. Wani ta ce haka ne, wani ta ce wannan na ƙasarsu ne, a nan ga yadda muke yi. Har yanzu ana ƙara masa madara, amma da ƙaramin kofi, an jefar da bibiro.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan la'asar

An sallame mu. Ya rame, kansa ya yi girma, an aske gefe ɗaya. Amma yana kuka da ƙarfi, har da hawaye. An ce mu koma awo ranar Alhamis.

Na rasa jarrabawar gwaji ta lissafi. Balkisa ta kwafe mini darussa, rubutunta kamar kaji sun bi ta kai.

Laraba, hantsi

Na je bayan madafa ɗaukar tsintsiya na tarar da Gwaggo a tsugune. Ludayi a gabanta, da kunun da ta dama da hannunta, ga matacciyar tururuwa a ciki. Ta ji tafiyata ba ta juyo ba.

Ta ce, "Ashe ƴar banzar iyo ne ba ta iya ba."

Na tsaya da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Uwata ta yi mini, na yi wa ƴaƴana." Ta daɗe tana kallon ludayin. Sannan ta watsar ta ce, "Ke kuma kin tsaya mini a kai kamar sandar kuran. Zo ki kama ni in tashi, gwiwar nan ta ƙi."

Na kama ta. Ba ta saki hannuna da wuri ba.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan la'asar

An yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Muna tsakar gida duka. Mama ta gama ba shi, ta shiga wanka, Gwaggo ta ɗora mini shi a cinya ta ce in riƙe. Ina bitar kimiyya, kaye a buɗe a ƙarƙashinsa. Wurin nan na tsakar kansa ya cika, yana ɗan motsi a hankali.

Sai na ji ɗumi. Ya saki fitsari, mai yawa, fari tas, ya bi zanena ya sauka a kan kayen, tawada ta fara gudu. Ni kuma na zauna ina kallo ina murna kamar wawuya.

Mama ta fito da bokiti a hannu, ta gani, ta ce, "Kai! Ramlatu, ɗauke kayenki mana!"

Ta tsaya. Ni ma na tsaya. Ta sa hannu ta rufe baki.

Gwaggo ta ci gaba da tankaɗe, ta ce ita kunnenta ya daɗe da mutuwa, ba ta ji komai ba.

Mama ta shige ɗaki da sauri, da bokitin da komai. Na shanya kayen a kan igiya kusa da tsummokinsa. Darasi uku sun goge. Ba zan sake kwafe su ba sai gobe.